Bakin da Ake Jira

Ɗana in'ina gare shi. Da ita aka haife shi, ba firgita ce ta sa masa ba, ko da yake wasu haka suke faɗa don sun san daga Kaduna muka taso bayan rikici. Ubansa ya fita wata safiya, bai dawo ba. Na ɗauki yaron da tukwanena muka hau motar Zariya. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

A Samaru muka sami ɗaki, bayan kasuwa. Ban yi makaranta ba, girki na iya, shi na kama. Sai dai Samaru masu dafawa sun kusa fin masu ci yawa, ga ɗalibai da "Mama a ƙaro miya", a ƙara musu kuma su nemi ƙashi. Wata 'yar zumuntar matan cocinmu ce ta nuna mini gindin wani bene a PZ, cikin Sabon Gari, na kafa rumfa a nan. Kullum in dafa a gida da sassafe, in loda a bas, mu ratsa Palladan da Hanwa, in sauka in jera. Tuwo, shinkafa, sakwara ran da doya ta yi araha.

Matan zumunta ba su bar yaron ya huta ba. Wannan ta ce a ba shi ruwa a bawon katantanwa, waccan ta ce a ɓuya bayan ƙofa a tsorata shi. Fasto ya ɗora masa hannu har wuyansa ya ƙage. Ya sha abin sha, ya tsorata, ya ce "na-na-na gode." Abin mamaki ɗaya, in yana waƙa a coci ko tuntuɓe harshensa ba ya yi.

Ni dai ban taɓa ƙarasa masa magana ba. Kada a ɗauka haƙuri ne. Ba ni da maganar da nake sauri in yi, shi ya sa nake da lokacin jiran tasa. Sauran duniya kuwa ba mai jira. In ya ce "ina kwa…" a ce "lafiya lau." In ya ce "a ba ni gi…" a miƙa masa gishiri.

Da ya gama sakandare ya same ni ina tsince wake, ya ce lauya zai zama.

Na ce, "Da wane bakin?"

Ya ce, "Da wa-wannan."

Na ce, "To."

Ya ci jarrabawa, jami'a ta ɗauke shi. Masu karatun lauya a reshen Kongo suke, ba a babbar jami'ar da ke Samaru ba, saboda haka bas ɗaya muke hawa da safe. Dokar makarantarsu farar riga da baƙin wando, kullum. Shi ke sauke mini kaya a PZ kafin ya wuce. Da kun ga yadda yake riƙe tukunyar miyar manja nesa da farar rigar nan, sai ku ce jaririn da ya yi kashi aka miƙa masa.

Shagon da ke jikin rumfata na wani mai sayar da taya ne, Ibo, amma haihuwar Sabon Gari, Hausa kamar jakin Kano. Ƙaton ciki, ƙatuwar murya. Ba mugu ba ne, shi ya ara mini bencin farko da na fara sana'a da shi. Bakinsa ne ba birki. Da ya hango yaron sai ya daki taya.

"Barista! Ka zo? Ce mini 'ya mai shari'a' in ji."

Yaron ya yi murmushi ya ce, "Ina kwa…"

"Lafiya lau, lafiya lau, kar ka wahala. Mama, wannan kafin ya gama gaida alƙali ai an rataye mutumin, an yi sadakar bakwai."

Makanikai da masu dako su kwashe da dariya. Wani ya ce ai sai ya riƙa rera wa alƙali ƙarar da waƙa, tunda a waƙa ba ya tsayawa. Mai taya ya miƙe ya kama ciki yana rerawa da muryar coci: "Wanda nake karewa bai saci akuya baaa." Har ni sai da na juya baya na yi dariya cikin tukunya. Yaron ma yana dariyar. Ya goge hannu ya wuce.

Karatu kam ba a magana. In an ba shi takarda da biro, ba ya barin na kowa. Da haka ya yi ta hayewa aji zuwa aji, ga yajin aikin malamai yana tsinka shekara kamar tsohon zare. Sai da aka zo abin da suke kira kotun gwaji. Ɗalibai ne ke shirya kotu ta wasa, malami ya zama alƙali, a ba kowa wanda zai kare, ya tashi gaban jama'a ya yi magana. Yaron ya yi makonni yana shiri. Na sha jin sa a bayan ɗaki yana yi wa bishiyar gwanda bayani, kuma gwandar tana samun maganar sumul.

Ranar ya dawo Samaru da wuri. Ya cire farar rigar ya ninke, ya sa ta ƙasan akwati, ba kan ƙusa ba inda take kwana. Ban tambaya ba. Da na zuba masa abinci ya faɗa da kansa. Ya tashi, kalmar farko ta maƙale, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Zauren ya yi shiru, sannan wani ya ƙarasa masa daga baya, aka fashe. Malamin bai yi dariya ba. Kiran sa gefe ya yi, ya ce masa cikin mutunci ko zai duba wani fannin tun da sauran lokaci.

Ya ce, "Mama, na ba-bari. A-acaɓa zan ja. Ba ruwan babur da baki."

Na ce, "Cinikin kuɗin hawa da ƙafa za ka yi?"

Bai yi dariya ba. A nan na san abin ya kai ƙashi.

Na ce, "Ka gama wannan zangon. In ka gama, ka ja jaki ma."

Ban iya lallashi ba. Abin da na iya shi ne kallon masu cin abincina. Benen da nake gindinsa, da na kusa da shi, cike suke da ofisoshin lauyoyi, kuma ni ke haura musu da abinci a kula. Na san su ta ciki. Masu zuwa kotu ba su da lokacin ci. Sai rana ta karkata su dawo jiƙe da gumi, su fizge farin ƙyallen nan na wuya, suna ci suna masifa, suna sake shari'ar da aka gama da shinkafa a baki. Abincinsu kullum ya huce, kuma ni ce mai laifi.

Akwai ɗaya a ƙarshen baranda da ba haka yake ba. Dattijo ne, Bayarabe, siriri, da tabarau. Rana na take tsaka yake cin abincinsa, da zafinsa, a zaune. Ban taɓa ganin sa da baƙar riga ba. Ban taɓa jin abin da ya wuce "sannu Mama" da "na gode" daga bakinsa ba. Da farko na ɗauka irin waɗanda aikin ya ƙi ne. To amma wanda aiki ya ƙi ba ya cin kan kifi kullum. Kuma bencin ƙofarsa manyan 'yan kasuwa ne a jere, masu fulawa, masu siminti, masu kantin magani, kowa da hularsa a gwiwa kamar a asibiti.

Washegari da na kai masa kula ban juya ba. Na ja kujera na zauna. Ya dube ni ta saman tabarau.

Na ce, "Oga, kai lauya ne, ko allo ne kawai a ƙofa?"

"Lauya ne, Mama."

"Ina gashin tunkiyarka?" Haka nake kiran hular nan tasu.

Ya nuna kabad. "Tana ciki. Asu na ci."

"Kotu fa?"

"In kin gan ni a kotu, aikin ya riga ya ɓaci."

"To me kake sayarwa?"

"Haraji."

Saura kaɗan in ɗauke kulata. Ni da masu haraji tsohuwar gaba ce. Sun taɓa ɗauke mini benci da mutum a kai, sai da ya dira. Sun taɓa tafiya da tukunyata da miya a ciki, suka dawo da ita a wanke.

Ya ga fuskata ya ce, "Ba karɓa nake ba. Tsakani nake tsayawa. In gaya wa ɗan kasuwa abin da doka ta ce ya bayar, in gaya wa gwamnati abin da doka ba ta ce ta karɓa ba. Duka biyun ba sa son ji. Karatu ne da rubutu da lissafi. Magana kaɗan ce."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Kamar taki."

Na ce, "Ina da wani, zan kawo maka."

Yaron ya ƙi. Ya ce darasin haraji shi ne wanda kowa ke gudu a makarantarsu, ba dole ba ne, sai wanda ya zaɓa, kuma masu zaɓar ba su cika benci biyu ba. Ya ce wannan ai akawu ne, ba lauya ba. Shi so yake ya tsaya gaban mutane ya yi magana a saurare shi. Ya daɗe kafin ya fitar da wannan duka. Na jira har ya kai ƙarshe.

Na ce, "Ubanka ya iya magana. Shi ya fita safiyar nan ya ba mutane haƙuri."

Da safe na ga farar rigar a kan ƙusa.

Aka sake shiga yajin aiki, sai ya fara zuwa wurin dattijon. Mutumin bai yi masa wata tambaya ba. Tebur ya nuna masa a ɗakin baya, ya ajiye masa littattafai masu kaurin dutsen niƙa. Na koma haurawa da kula biyu. Wata rana na tsaya a ƙofa na kasa kunne, na ɗauka ba kowa, na tura na same su kowa da kansa a takarda. Fanka ce kaɗai ke magana a ofishin nan.

Mai taya ya ji labari. Ya ce, "Mama, kin haɗa kurma da bebe! Ta yaya suke gaisawa, da tuta?" Da ya ji fannin da yaron ya kama kuwa, sai ya ja bencinsa baya. "Haraji? A gindin shagona kika raini ɗan haraji? Barista, ka ga tayoyin nan ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni."

Da aka koma makaranta yaron ya ɗauki darasin harajin, ya cinye shi tas. A kansa ya yi dogon rubutun da ake yi kafin a fita. Daga nan makarantar horon lauyoyi, shekara guda. Wani hutu ya dawo da damuwa, wai ba a rantsar da mutum sai ya zauna cin abinci da manyan alƙalai, da wuƙa da cokali mai yatsu. Na ce duk karatun nan ashe a ci zai ƙare, wannan kuwa fannina ne. Na sayo masa wuƙar da cokalin, na hannu, a kasuwar Sabon Gari, na sa masa ganda, wadda ta fi kowace tauri a tukunya. Na ce in ka iya da wannan, naman alƙalai wasa ne. Yankan farko gandar ta yi tsalle ta sauka cikin tayar da ake wa faci. Sai da PZ ta yi mako tana labarin.

Ran rantsarwa hular dattijon ya ara, da ramukan asu da komai. Na je. Na gan shi cikin layi da gashin tunkiya a ka. Ban yi kuka ba, ƙafata ce ta yi ciwo don takalmin aro ne.

Ya yi bautar ƙasa ya dawo ofishin. Matan zumunta suka koma kira na Maman Lauya. Amma ni na san abin da bai ƙare ba. Har lokacin a ɗakin baya yake. Shi ke karantawa, shi ke rubutawa, dattijon ya sa hannu ya gana da mutane. In mai bukata ya shigo, yaron sai ya sami abin nema a kabad. A bas wata safiya, wajen Hanwa, ya gaya mini. Ya ce duk ran da aka ba shi mutum, mutumin ya ji bakinsa ya tashi, ya gama da aikin nan. Ba zai tsufa a ɗakin baya yana ara wa wani kai ba.

Na ce, "Riƙe tukunyar da kyau."

Ba a daɗe ba aka kawo wa mai taya takarda daga ofishin haraji. Ranar bai daki taya ba. Bai ci abinci ba, wannan kuwa tun da na san shi ban taɓa gani ba. Sun yanka masa abin da ya ce ko ya sayar da shagon da tayoyin da cikinsa ba zai kai ba, kuma in bai biya ba za su sa wa shagon kwaɗo. Ya yi kwanaki yana zagin su daga nesa. Da zagi bai rage komai ba, sai ya sa riga mai hannu, ya cusa rasiɗan shekaru cikin buhun shinkafa, ya haura bene yana haki.

Dattijon ya karɓi buhun ya ce ya dawo jibi. Jibin da rana tsaka na haura da kuloli, na tarar da shi zaune gaban tebur. Dattijon ya karɓi tasa kular, ya buɗe, ya shaƙi kan kifinsa. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin baya da cokali.

Ya ce wa mai taya, "Ga lauyanka. Shi ya karanta buhunka. Ni lokacin abincina ya yi." Ya koma gefe ya fara ci.

Yaron ya fito. Ya ga wanda ke zaune, ya gan ni a ƙofa. Mai taya ya dubi dattijon.

"Oga, ba wasa na zo ba. Shagona ne fa."

Dattijon yana cire ƙaya. Ko kai bai ɗaga ba.

Mai taya ya dafa hannun kujera kamar zai miƙe. Na ajiye kula ta biyu a ƙasa, na tsaya inda nake. Ban tare ƙofa ba. In zai fita, ya fita.

Bai miƙe ba. Ya juya ga yaron ya ce, "To, Barista. Za su rufe, ko ba za su rufe ba?"

Yaron ya zauna. Ya jera takardu. Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale, irin maƙalewar nan mai tsawo da ke sa jijiyar wuyansa tashi. Na ga bakin mai taya ya buɗe da kansa, don ya saba, shekara da shekaru shi ke ƙarasawa. Ya buɗe, ya tsaya a buɗe. Bai san ƙarshen ba. Duk abin da yake ƙarasa wa yaron a da, gaisuwa ce da gishiri, abin da kowa ya sani. Wannan kuwa a duk PZ kai ɗaya ne ke ɗauke da ita. Ya rufe bakin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Maganar ta fito, a hankali, tana tsayawa tana tafiya kamar bas ɗin Samaru. Ya ce ƙiyasi suka yi masa don bai taɓa kai musu lissafi ba. Doka ta ba shi dama ya ce bai yarda ba, kuma wa'adin bai cika ba tukuna, ya riga ya rubuta, sa hannu ya rage. Rasiɗan buhun sun nuna abin da suka yanka ya wuce gaskiya nesa. Mai taya ya fara murmushi. Yaron ya ɗaga yatsa. Wata kalmar ta maƙale. Mutumin nan ya jira, ko numfashi mai ƙarfi bai yi ba.

"Amma ci-cinikin da kake yi ta ƙofar ba-baya, wanda ba ka rubutawa, za ka bi-biya nasa. Duka."

"Haba Barista! Ni fa na ara wa uwarka benci."

"Shi ya sa na-na gaya maka a nan, ba a ga-gabansu ba."

Dattijon ya yi wani ɗan tari cikin miya. Mai taya ya share gumi, ya karɓi biro. Ya ce to waye zai je ofishin harajin ya yi musu wannan bayanin, oga ne? Yaron ya ce shi ne. Mai taya ya ce, "Zan kai ka a motata. In sun gaji da jira, su sha ruwa."

Na ce abinci na hucewa, na sauko.

Ba a sa kwaɗon ba. Ya biya abin da ya biya, ya yi wata guda yana kuka a kan bencina da sakwara a hannu, yana cewa na haifa masa annoba. Teburin yaron kuwa aka fito da shi gaba, kusa da taga.

In'inar tana nan, ba inda ta je. Wata safiya ya sauke mini tukwane, da kwat a jikinsa, har lokacin yana riƙe ta manja nesa da riga. Wani sabon makanike da bai san kan wurin ba ya gaishe shi. Yaron ya fara, "Ina kwa…" makaniken ya ce "lafiya lau" zai wuce. Mai taya ya damƙo shi ta wuyan riga ya dawo da shi.

"Kai, ina za ka? Tsaya lauya ya gama. Mu da kuɗi muke jiran bakin nan."

Makaniken ya tsaya. Na zuba wa mai taya ƙarin nama, ban gaya masa dalili ba.